Amsa ga mai son shiga binciken cutar mantuwa a gidajen kula da tsofaffi

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, ban so in amsa a tsaitsaye ba don magana ce mai son zama. Kin ce kina aikin kula da tsofaffi a wani gida a arewacin Ingila, kina da digirin nazarin zamantakewa daga gida, kuma yawancin waɗanda kike yi wa wanka kina ba su abinci masu cutar mantuwa ne. Kina son sanin ko mai irin aikinki za ta iya zama mai bincike a jami'a a wannan fanni, ta ina ake farawa, ko ana samun na tuwo a ciki, da kuma ko zai yi amfani in an koma gida. Ni ma ta aikin jinya na shigo, kuma na daɗe a wannan bincike, don haka abin da na gani zan faɗa miki.

Za ki iya. Abin da kike ɗauka naƙasu ne a takardunki, wato daga dutin dare kika fito ba daga ɗakin gwaje-gwaje ba, shi ne babban jarinki. Binciken cutar mantuwa reshe biyu ne. Akwai masu bin ƙwaƙwalwa da sinadaran da ke taruwa a cikinta, suna neman magani. Wannan yana buƙatar karatun kimiyyar jiki, kuma can kuɗi suka fi yawa. Akwai kuma mu, masu tambayar yadda mutum zai rayu da mutuncinsa bayan cutar ta riga ta kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ke ɗauke da ita, kuma kusan miliyan 10 ke kamuwa da ita duk shekara, maganin warkewa kuwa babu shi har yau. A nan Birtaniya, kusan bakwai cikin goma na mazauna gidajen kula da tsofaffi suna da cutar ko kuma mantuwa mai tsanani. To ke a tsakiyarsu kike wuni. Na yi aiki da masu digirin digirgir da ba su san abin da ke faruwa a irin waɗannan gidaje da ƙarfe huɗun asuba ba.

Sunan da za ki fara cin karo da shi Tom Kitwood ne, na Jami'ar Bradford, wanda littafinsa na 1997 ya sauya tunanin mutane a fannin. Abin da ya kafe a kai shi ne, ba lalacewar ƙwaƙwalwa kaɗai ke durƙusar da mai cutar ba, har da yadda muke mu'amala da shi: a yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan, a tura masa cokali kafin ya haɗiye na baya, a ja kekensa ba a gaya masa inda za a kai shi ba. Shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro wata hanyar lura da har yanzu ake koyarwa. Za ki samu kujera a lungun falo, ki zaɓi mutum biyar ko shida, duk minti biyar ki rubuta abin da kowannensu yake yi da yanayin da yake ciki, har tsawon sa'o'i. Ba ki magana, ba ki gyara komai. A irin wannan zama na taɓa lura da wata tsohuwa da duk ma'aikata suka san ta da faɗa da yaƙushi. A takardata sai ya fito fili cewa ba ta tayar da hankali sai an zo ɗaga ta daga kujera, kuma kafin hannu ya kai gare ta takan dafe kwankwasonta na hagu ta runtse ido. Ciwo ke cin ta, bakin faɗa kuma ya tafi. Da likita ya duba ta aka ɗora ta a kan maganin ciwo, sai yaƙushin ya ragu ƙwarai. Babu wanda ya yi mata mugunta a gidan. Ma'aikata biyu ne ke kula da falo guda, ba mai sukunin zama ya kalla.

Wannan ba labarina ni kaɗai ba ne. A 2011 Bettina Husebo da abokan aikinta a Norway sun buga sakamakon gwaji a kan tsofaffi 352, inda aka riƙa ba su maganin ciwo daki-daki, yawanci daga farasitamol aka fara, tashin hankalinsu kuma ya ragu a fili. Kafin nan, a 2009, rahoton Farfesa Sube Banerjee ga gwamnatin Birtaniya ya ƙiyasta cewa masu cutar mantuwa kusan 180,000 ake bai wa magungunan taɓin hankali don a kwantar da su, kaɗan ne daga ciki ke amfana, kuma hakan na jawo ƙarin mutuwar kusan mutum 1,800 a shekara. Sai binciken WHELD na su Clive Ballard, da aka buga a 2018, a gidaje 69: horar da ma'aikata tare da ware wa kowane tsoho kamar sa'a guda a mako ta hira da abin da yake so ya kyautata rayuwarsu. Sa'a guda fa a mako. Duk lokacin da na tuna wannan adadi sai raina ya sosu, don yana nuna irin kaɗaicin da suke ciki. Na kawo miki waɗannan ne don ki ga irin tambayoyin da ake gina sana'a a kansu, kuma duk tambayoyi ne da mai dutin dare ta riga kowa sani.

Wahalar kuma ba zan ɓoye miki ba. Gidan tsofaffi gidan mutane ne, yawancinsu ma na 'yan kasuwa ne, babu wanda ya wajabta musu buɗe miki ƙofa. Sai ki yi watanni kina lallaɓa manaja, ranar da ya amince ki ji ya ajiye aiki, ki koma farko da sabo. Ma'aikata da farko kallon 'yar leƙen asirin hukumar CQC, mai sa ido a kan gidajen kula da tsofaffi a Ingila, za su yi miki. Ni abin da ya buɗe mini hanya shi ne zuwa lokacin miƙa aiki da sassafe, da taya su raba shayi, da komowa in gaya musu abin da na samu kafin in gaya wa kowa. Yawancin masu bincike a nan suke faɗuwa: su kwashi bayanai su tafi, gidan bai sake jin ɗuriyarsu ba.

Sai batun yarda, wanda shi ya fi komai cin lokaci, kuma ya cancanci ya ci. A Ingila da Wales dokar 2005 kan ikon yanke shawara ce ke aiki. Ba a ɗauka cewa mutum ba zai iya yanke wa kansa shawara ba don kawai yana da cutar. Sai an gwada, an bayyana masa a hankali. In ba zai iya ba, a nemi wani na kusa da shi a tambaye shi abin da yake ganin tsohon zai so da yana cikin hayyacinsa. Ko ɗan ya amince, in kika zo tsohuwar ta juya miki baya ko ta ture takardar, an gama, ki tattara. Kwamitin ɗa'a zai bi takardunki layi-layi kafin ki taka ko'ina. Sannan ki shirya wa mutuwa. Duk binciken da zai kai shekara, wasu daga cikin waɗanda kika saba da su ba za su kai ƙarshensa ba. A rahoto lamba ce ta ragu, a zuciyarki kuwa mutum ne da kika san yadda yake son shayinsa. Wannan ba ya zama jiki, kuma ban so ya zame miki jiki.

Hanyar shiga a taƙaice take. Digiri na biyu a nazarin cutar mantuwa ko tsufa ko lafiyar al'umma, wanda jami'o'i irin su Bradford da Stirling da Worcester suka yi suna a kai, kuma akwai na nesa da za ki haɗa da aiki. Ki dage ki koyi lissafin ƙididdiga ko da hira da mutane kika fi so, don wanda ya iya biyun ba ya rasa mai nemansa. Daga nan aikin mataimakiyar mai bincike, sannan digirin digirgir. Shawarata, kada ki biya wa kanki na ukun nan. Kuɗin ɗalibin waje ya yi yawa, kuma ana tallata gurabe masu tallafi daga NIHR (hukumar tallafa wa binciken lafiya ta gwamnati) da ƙungiyar agaji ta Alzheimer's Society da majalisun bincike na gwamnati. Ki karanta sharuɗɗan kowanne da kyau, ki kuma nemi shawarar masani kan bizarki kafin ki saki aikin da ke hannunki. Wajen zaɓen malamin da zai duba aikinki, ki tambayi tsofaffin ɗalibansa a keɓe. Mai amsa saƙo ya fi mai babban suna amfani.

Na tuwo kuwa ana samu, amma da zullumi. Bayan digirin digirgir yawancinmu kwantiragin shekara ɗaya zuwa uku muke bi, kowanne a rataye da tallafin da aka ciwo. Kina tsakiyar wannan aiki kina rubuta neman na gaba, kuma a ƙi ki ya fi a ba ki yawa. Ga rubuta maƙaloli, ga koyarwa. Na san mata masu ƙwazo da suka bar fannin saboda ba za su iya ta ƙaura da yara daga gari zuwa gari ba. Ki yi wannan magana da maigidanki ko iyayenki tun yanzu, kada sai kin yi nisa.

Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi taɓa ni. Fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu cutar a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke, bincike kuwa ba a can yake ba. Shi ya sa ƙungiyar da Martin Prince ya jagoranta tun 1998 ta sa wa kanta suna 10/66, wato a lokacin ƙasa da kashi 10 na bincike ne ke duban kashi 66 na masu cutar da ke waɗannan ƙasashe. Najeriya tana da abin alfahari a nan. Tun 1992 marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi a Ibadan, tare da Hugh Hendrie a Amurka, suka fara kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Indiyanapolis, suka samu cutar ta fi ƙaranci a Ibadan. An kuma yi wani nazari a Zariya da aka buga a 2011. Amma in kika auna da yawan jama'armu na Arewa da Nijar, filin a buɗe yake.

Sai dai ba gidan tsofaffi za ki tarar a can ba. Namu suna ɗakin tsakar gida, a hannun 'ya mace ko matar ɗa, wadda ba ta da hutu ba ta da albashi, ba kuma wanda ya taɓa tambayarta yadda take. Ana cewa gigin tsufa ne, a bar shi a haka, wani lokaci a kulle tsohuwa don kada ta fita ta ɓata, a wasu wurare ma har a jefe ta da maita. Kayan awonmu ma ba su dace ba. Gwajin auna mantuwa da aka fi sani, na 1975 mai maki 30, yana cewa a riƙa cire bakwai daga ɗari, a rubuta jimla, a kwafi zane, a faɗi kwanan wata. Ki kai wa Hajiyar da ba ta taɓa riƙe biro ba, wadda ke ƙirga watanninta da Azumi da Sallah, za ta faɗi warwas alhali ta haddace bashin kowa a unguwa. An yi gwaje-gwajen da ba su dogara da boko ba, irin wanda aka yi amfani da shi a Ibadan, amma daidaita su da Hausa da rayuwar mutanenmu, da gwada su yadda ya kamata, aikin digirin digirgir ne sukutum. Haka batun rigakafi: kwamitin mujallar Lancet ƙarƙashin Gill Livingston ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da za a iya magancewa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 na cutar, ciki har da hawan jini da ciwon suga da raunin ji da ƙarancin karatu. Dukkansu suna cikin gidajenmu. In wannan ɓangaren ya ja ki, ki duba shirin Global Brain Health Institute na San Francisco da Dublin, suna ɗaukar mutane daga Afirka, kuma ba likitoci kaɗai ba.

Abin da za ki iya yi a wannan makon: ki tambayi manajanku ko gidanku yana cikin tsarin ENRICH na NIHR, wanda ke haɗa gidajen tsofaffi da masu bincike, in wani bincike ya zo ki ce ke za ki riƙa tarbarsu. Ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta abubuwan da ke ɗaure miki kai a wurin aiki, ba suna, ba lambar ɗaki, ba abin da zai nuna ko wane ne. Bayan wata biyu ki duba wace tambaya ce ta fi dawowa, ki rubuta ta a shafi ɗaya. Ki turo mini ta akwatin sirri in karanta, sai mu ga malamin da ya dace ki rubuta wa. Allah ya dafa miki, ya ba ki ladan tsofaffin nan da kike ɗawainiya da su.