Hukuncin karanta hikimomin Girkawan zamanin da, da tura wa mutane

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibin jami'a ne, a darasin falsafa ana karanta mana maganganun su Sukrat da Aflatun da Aristo akan abota da adalci, kuma gaskiya suna burge ni har nakan tura wa abokai a WhatsApp, to amma wasu akwai ambaton alloli da allahiyar sa'a a ciki. Ya halatta in ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, abin ba hukuncinsa ɗaya ba, sai an rarrabe shi.

Na abota da adalci da kyawun hali ka karanta, ba laifi. Gaskiya ba ta komawa ƙarya don ta fito daga bakin wanda ba musulmi ba. Bukhari ya kawo cewa Shaiɗan ne da kansa ya gaya wa Abu Huraira falalar Ayatul Kursiyyu, Manzon Allah (SAW) ya ce ya gaya maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne, kuma a Muslim ya zo cewa Annabi (SAW) ya saurari baiti ɗari na waƙar Umayya bin Abis Salt wanda bai musulunta ba. Tun zamanin Halifa Ma'amun a Bagadaza ake fassara littattafan nan zuwa Larabci, malamanmu suka tsaya suka tankaɗe su. Dubi Aristo da ya kasa abota kashi uku, ta amfani da ta jin daɗi da ta nagarta, ya ce biyun farko da zarar amfanin ko daɗin ya ƙare shi kenan an watse, ai wannan kowa na ganinsa a unguwarsu, kuma Alƙur'ani ya wuce nan a Suratu Zukhruf aya ta 67 inda ya ce masoya za su zama maƙiyan juna a ranar ƙiyama in ban da masu taƙawa. Adalci ma haka, galibin Girkawa a ganinsu shi ne ka amfani abokinka ka cuci maƙiyinka, Sukrat ya ce a'a adali ba ya cutar kowa, to ka ɗora wannan kusa da Ma'ida aya ta 8 da ta hana ƙiyayya ta kai mu ga rashin adalci, ka ga ya dace.

Inda nake jin tsoro shi ne wajen alloli. Su Zeus da ake ba da labarinsu suna fushi da kishi da yaudara, wannan shirka ce zalla, har a cikinsu an sami Zenofanis da ya soki mawaƙansu don sun jingina wa alloli sata da zina. Ka karanta don jarrabawa ko don sanin tarihi ya halatta in aƙidarka ta zauna, mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Imam Gazali wanda ya rasu a 505 Hijira ya karanci falsafa ciki da bai, bai zubar da lissafi da mandiƙi (ilimin tsara hujja) ba, amma a ɓangaren Ubangiji ya kafirta masana falsafar a mas'ala uku, kuma ya yi gargaɗin kar a sakar wa mai raunin ilimi littattafansu.

Batun sa'a kuwa ya fi shiga a ɓoye, don shi ne ke zuwa da kalmomi masu daɗi. Girkawa suna da allahiya Tike da suka ce ita ke ɗaga wani ta kayar da wani ba dalili. Mu ƙaddara muka sani, komai da ilimin Allah da hikimarsa. A Hudaibiyya bayan an yi ruwa Annabi (SAW) ya ce wanda ya ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa ya kafirce wa Allah, to ina ga wanda ya miƙa arzikinsa ga wata allahiya.

Don haka duk maganar da ta ambaci alloli ko ta ba sa'a iko kar ka tura ta, sai in za ka haɗa da bayanin ɓarnarta. Sauran ka tura da sunan mai ita, kar ka kuskura ka ce hadisi ne, kuma ka samu malami ka karanta littafin tauhidi a gabansa kafin zangon karatun nan ya ƙare. Wallahu a'alam.