Kyanwata ta cika mini gida da 'ya'ya: amsoshin likitan dabbobi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Kyanwata ta haihu sau uku a shekara guda, har maƙwabta sun gaji da karɓar kyauta. Wani mai kemis ya ce in kawo ta ya yi mata allurar tsarin iyali irin ta mata, kuɗi kaɗan. In kai ta?
*Wata uwargida, Gusau*

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki kai ta. Allurar tana hana ɗaukar ciki kam, amma sinadarin da ke cikinta yana sa bangon mahaifa ya yi kauri, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, har mahaifar ta cika da mugunya. Sai ki ga ciki ya kumbura kamar mai juna biyu, ta ƙi abinci, ta yi ta shan ruwa, wani lokaci ruwa mai wari yana fita ta bayanta. In ta kai nan sai tiyatar gaggawa, wadda ta fi tsada kuma ta fi haɗari. Ga kuma ƙari a nono da allurar kan haddasa. Wannan shi ne araha ba ta ado.

Abin da ke tsayar da haihuwa gaba ɗaya shi ne a cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa. Likita zai yi mata allurar barci, ya aske gashin ciki, ya yi ɗan yanka da bai wuce gaɓar yatsa biyu ba a ƙasan cibiya ko a kuiɓi, ya ɗaure jijiyoyin jini, ya cire, ya ɗinke. A hannun gwani aikin bai cika wuce rabin awa ba, kuma galibi ran nan za ki koma da ita gida.

Lokacin da aka yi aikin yana shafar kuɗinsa. Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikinta kwana 63 ne zuwa 65, kuma tana iya ɗaukar wani tun ba ta yaye na hannu ba. Don haka an fi so a yi aikin tana wata 4 zuwa 5. Taki da ke shayarwa, ki bari 'ya'yan su kai mako 8 a yaye su, a ƙara mako 2 nono ya ƙafe, amma ki tsare ta a ɗaki kada muzuru ya riga ki. In tana cikin kukan neman muzuru ko ciki ya tsufa, jijiyoyin sun cika da jini, aiki ya ƙaru, kuɗi ma haka.

Ki fara tambaya a asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, ko asibitocin koyarwa na jami'o'i irin na Ahmadu Bello a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri. Ki nemi a faɗa miki jimillar kuɗin tun farko: allurar barci, zare, maganin ciwo da cire ɗinki.

Ranar aiki a kai ta ba ta ci komai ba tun dare, don amai cikin barci na iya shiga huhu. Bayan aiki, a ajiye ta a ɗaki mai tsabta kwana 10 zuwa 14 har a cire zare. Abu biyu ke ɓata ɗinki: lasa da ƙuda. Na lasa, a yanka kwali a yi mata kamar mazurari a wuya. Na ƙuda, a duba wurin safe da yamma, don tsutsa ba ta daɗewa ta shiga. Kuma ko da wasa kada ki ba ta farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta: fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara.

Tambaya: Ina da karnukan farauta. Ɗaya ya fiye yawon bin karya, yana dawowa da rauni. Zan iya ɗaure masa maraina da roba kamar yadda ake yi wa bunsuru? Kuma zai rage zafin nama?
*Wani mafarauci, Ningi*

Amsa: Malam, jikin kare ba na bunsuru ba ne. Marainan bunsuru a rataye suke da siririn wuya, na kare kuwa a manne suke, robar ba ta tsayar da jini sarai. Wurin zai kumbura ya ruɓe, karen ya sa haƙori ya yage shi don azaba. Dandaƙa ma haka. Fiɗiya a asibiti yanka ɗaya ce a gaban jakar maraina, ba a buɗe ciki, shi ya sa ta fi aikin mace sauƙin kuɗi.

Hancinsa da gudunsa suna nan. Abin da kan ragu shi ne yawo da faɗa a kan mace. Sai dai zai iya yin ƙiba, don haka a rage masa abinci kaɗan. Ka raba shi da karya har wata guda ko fiye, domin sauran maniyyi na nan a jijiya. Kafin aikin, likita ya duba gabansa: karnuka masu yawo kan kwaso wani tsiro mai kama da tsokar nama da ke ɗigar jini, ana ɗaukarsa ta barbara, kuma yana jin magani.

Tambaya: Karyata ta haifi kwikwiyo 6, huɗu sun mutu da amai da zawon jini. Ba ni da ƙarfin yi wa sauran dukkan allurai. Wacce ce dole?
*Wani mai gadi, Kaduna*

Amsa: Alamun da ka faɗa sun yi kama da cutar fabo, wadda ƙwayarta ke zama a ƙasa wata da watanni. Ka wanke wurin da bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 30. Rigakafinta yana cikin allurar haɗaka mai suna DHLPP: ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 zuwa 4 har kwikwiyo ya kai mako 16. Maimaitawar ba dabarar cin kuɗi ba ce. Kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya kashe ƙarfin allurar farko, ta ƙarshen ce ke tabbatar da aiki. A ba shi maganin tsutsar ciki tukuna, kuma ba a yi wa wanda ke kwance ba lafiya.

Amma in allura ɗaya tak aljihunka zai ɗauka, ta haukan kare ce, domin ita ke kare 'ya'yanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duk ta cizon kare, kuma da zarar alamu sun bayyana babu magani. Ana yi wa kwikwiyo yana wata 3, a sabunta duk shekara. Kyanwa ma ana yi mata. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana haɗa wannan rigakafin a nan gida. Ka sa kunne a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, lokacin da jihohi da ƙungiyar likitocin dabbobi kan yi allurar kyauta. Wata dabarar: akwai kwalbar da ke ɗauke da allurar kare 10, sai ku haɗa kai da maƙwabta ku kira likita sau ɗaya.

Ka duba daga ina aka ciro kwalbar. Rigakafi na son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya wuni a aljihun ɗan acaɓa ko a firjin da ya kwana uku ba wuta, mai yiwuwa ƙarfinsa ya riga ya lalace. Ka ga an fito da shi daga cikin firji ko akwatin sanyi, ka karanta ranar lalacewarsa, ka karɓi kati mai kwanan wata da sa hannun likita.

In kare ya ciji wani a gidan, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa minti 15, a wuce asibitin mutane ran nan, a tafi da katin. Karen kuma kada a kashe shi, a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10.