Tambaya da Amsa: Sarki Mukhtar na Katsina shi ne na Abuja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Musu ne ya kaure a majalisarmu, ni na ce gwamnan Katsina na farko shi ne dai wanda ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro zamanin Yar'adua, abokina ya rantse wai mutum biyu ne, don shi wanda ya sani jakada ne a Rasha. Wai ma ya za a yi soja ya zama jakada? A raba mana gardama don Allah.
Daga wani mai karatu a Funtua

AMSA: Wa'alaikumus salam. To kai ka ci gardama, amma shi ma abokin naka bai yi ƙarya ba, mutum ɗaya ne duk ya riƙe kujerun nan, Manjo Janar Abdullahi Sarki Mukhtar mai ritaya, kuma Bakano ne ba Bakatsine ba.

Da Babangida ya ciro jihar Katsina daga Kaduna ranar 23 ga Satumba 1987, shi aka tura, lokacin yana Kanal. Ko shekara bai cika ba, a 1988 aka mai da shi Kaduna ya gaji Kanal Abubakar Dangiwa Umar, Lawrence Onoja kuma ya karɓi Katsina. Yana Kaduna har 1990, daga nan ya koma bariki har ya kai Manjo Janar.

Batun jakadanci kuwa, jakadu kala biyu ne. Akwai waɗanda suka taso a ma'aikatar harkokin waje tun suna ƙananan ma'aikata, akwai kuma wanda shugaban ƙasa zai ɗauko daga waje kawai, majalisar dattawa ta tantance shi, shi ke nan ya ɗau jaka. Ta wannan ƙofa ta biyu Obasanjo ya tura shi Rasha bayan ya tuɓe kaki. Kuma in ka duba ba abin mamaki ba ne, huldarmu da Mosko tun asali ta kayan yaƙi ce da ƙarfe, su suka ba Najeriya jiragen yaƙi na MiG lokacin yaƙin basasa, su ne kuma suka gina kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da har yau muke jira ta tashi. Ko kwanan baya ai an ga Janar Buratai, tsohon babban hafsan sojan ƙasa, ya tafi Jamhuriyar Benin jakada a 2021.

Inda labarin ya fi daɗi a ganina shi ne kujerar tsaron. A 2006 Janar Aliyu Gusau ya bar ta ya shiga neman takarar shugaban ƙasa a PDP, sai Obasanjo ya ɗora Sarki Mukhtar, da Yar'adua ya hau a 2007 bai taɓa shi ba. Mutane da yawa na ɗauka mai wannan kujera shi ke ba sojoji oda, a'a, ba shi da bataliya ko ɗaya, aikinsa ya tattara rahoton SSS da NIA da DIA, hukumomin leƙen asirin nan uku da aka samar a 1986 bayan an rusa tsohuwar hukumar tsaro ta NSO, ya tace, ya shiga wajen shugaba ya ce ranka ya daɗe ga abin da ke tafe. Ƙarfinsa duk a kunnen shugaba yake, ranar da kunnen ya canja to magana ta ƙare.

Haka kuwa aka yi. Yar'adua ya tafi jinya Saudiyya a Nuwamba 2009, Jonathan ya zama muƙaddashi a Fabrairu 2010, a watan Maris bayan kashe-kashen da aka yi a ƙauyukan kusa da Jos ya sauke Sarki Mukhtar. Wa ya maye gurbinsa? Aliyu Gusau dai, wanda tun farko Sarki Mukhtar ya karɓi kujerar daga hannunsa. Shi ma Gusau ɗin bai zauna ba, kafin shekarar ta ƙare ya sake ajiyewa ya koma takara.

Sai ka gaida mana abokin naka, in da shayi kuka sa a musun shi zai biya.