Firam daga ƙyauren gidan kaka

Tambaya: Assalamu alaikum. Za a rushe tsohon gidanmu na gado da ke unguwar Aboabo a Kumasi domin a yi sabon gini, sai na ɗauke ƙyauren zauren, wanda na katakon odum ne, wato iroko. Ina so in yi wa hoton kakanmu firam da shi da hannuna; mahaifinsa yana cikin fataken goron da suka baro garin Salaga na arewacin Ghana bayan yaƙin basasar da aka yi a can a 1892. Shin katakon da ya tsufa haka zai yi?
Daga mai karatu a Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai yi, har ma ya fi sabo, domin odum yana da ƙarfi, gara ba ta cika cin sa ba, kuma wanda ya ga damina da hunturu masu yawa ya riga ya bushe, ba zai lanƙwashe maka ba.

Ka fara zare tsofaffin ƙusoshi kafin zarto ya taɓa shi. Idan ba ka da kayan tsagawa, ka kai wa kafintocin Sokoban, kasuwar katako ta Kumasi, su fitar maka da sanduna huɗu, tare da ɗan gurbi ta baya inda gilashi da hoto za su zauna. Ka yanke kowane baki a karkace, digiri 45, ka gwada haɗuwarsu tun ba gam, sannan ka shafa gam ka ɗaure har ya kwana. Ka rufe hanci lokacin goga sanfefa, saboda ƙurar odum tana sa atishawa da ƙaiƙayi. Ina roƙonka kada ka goge shi fes: wurin da hannuwa suka sa ya yi duhu, da ramin da sakata ta ci, su ne shaidar cewa daga wannan zauren ya fito.

Hoton ya fi katakon bukatar lallashi, tunda ba shi da na biyu. Ka sa a kwafe shi a kwamfuta tukuna. Kada gam ko salatif ya taɓa shi, kuma ka sa kwali marar asid ya zagaye shi yadda fuskarsa ba za ta manne da gilashi ba, domin da laimar Kumasi, hoton da ya manne ba ya ɓanɓaruwa sai da fuskar mai shi. Ka rataye shi a bangon da rana ba ta dukansa.

A kwalin baya, ka rubuta da fensir sunan kaka da na mahaifinsa, garin da suka fito, da gidan da aka ciro ƙyauren. Ka tambayi tsofaffin gidanku tun suna raye, kuma in akwai mai hannu a ajami, ya rubuta a gefen na boko.