Kuɗin da nake ba yaran Amba, ina da zunubi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni Bahaushe ne haifaffen Bamenda, ina sayar da hatsi. Yaran Amba masu neman ɓallewa daga Kamaru suna zuwa duk wata in ba su sefa dubu 10, in ban bayar ba sun ce za su ƙona shagon. Yanzu kuma sun ce in gaya musu waye a layinmu yake kai wa soja rahoto. Wani malami ya ce min taimakonsu lada ne tunda an zalunce su. Meye hukunci?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya kawo muku sauƙi ɗan'uwa.

Kuɗin da aka karɓa da bakin bindiga zunubinsa na kan mai karɓa, ba kanka ba, wannan babu saɓani. Rufe shago ranar Litinin, kamar yadda yaran Amba ke tilasta wa mutane, don tsoron ranka ma haka ne. Amma kar ka lissafa shi cikin zakka.

Inda hankalina ya tsaya shi ne maganarka ta biyu, ta faɗin sunan mai kai rahoto, wadda ka saka kamar ƙaramin abu. Kai ka fi ni sanin abin da ake wa mutumin da aka ce ɗan rahoto ne a garin nan. Tilas tana halatta maka ka ba da dukiya, har kalmar kafirci ta halatta a baki in zuciya na natse da imani, amma ba ta halatta ka miƙa ran wani don ka tsira da naka ba, balle don buhunan masara. Ko Musulmi ne ko Kirista, ko kana da tabbas ko zato ne, kar sunan kowa ya fito daga bakinka. Ka ce ba ka sani ba, ƙarya a nan wajibi ce ma. Haka in jandarma ne suka tambaye ka sunan ɗan wani bisa zato.

Toh maganar malamin nan. Ni ban musa cewa an yi zalunci ba. Mutanen yankin masu Turanci, inda Bamenda take, sun shiga Kamaru a 1961 a kan tsarin tarayya, shugaban ƙasar na lokacin, Ahidjo, ya soke tarayyar a 1972, aka riƙa turo alƙalai da malaman makaranta masu Faransanci ga mutanen da Turanci suka tashi da shi, shi ya sa lauyoyi da malamai suka yi yajin aiki a 2016, kuma aka amsa musu da duka da kamu. Mutum ya tsaya gaban alƙalin da ba ya jin yarensa ai cuta ce. Amma wanda aka zalunta daban, wanda ya ɗauki bindiga da sunansa daban. Kuɗinka ba lauya yake zuwa wa ba, harsashi ake saya da shi, kuma waɗanda suka hana yara makaranta shekara da shekaru, suke sace mutane don kuɗin fansa, a kan wa suke yi? A kan masu Turancin ne dai. Ya za a ce lada? In zuciyarka ta so bayarwar, uzurin tilas ya faɗi, hukuncin ya canza. Kana son taimakon wanda aka zalunta, ga 'yan gudun hijira nan da marayu, auna musu hatsi.

Kuma ka fara shirin matsar da iyali, ko garin Bafoussam ne da ke yankin masu Faransanci, na ɗan lokaci, don wanda ya fara tambayarka sunaye ba zai daina ba. Samarinku kuma ku hana su shiga 'yan banga na kowane ɓangare. Wallahu a'alam.