Filin Tambaya da Amsa: Nawa injiniya mai zaman kansa zai yanka a yini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni injiniyan gine-gine ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da sana'ar injiniya a Najeriya. Albashina ya kai naira 800,000 a wata kafin in ajiye aikin kamfani in koma cin gashin kaina, ina duba gini ina ba da shawara. Na raba albashin gida 22, wato kwanakin aiki a wata, na samu kusan naira 36,000, shi nake karɓa a yini. Aiki yana zuwa, amma wata ba ya ƙarewa sai da bashi. Ina matsalar take? Daga wani injiniya a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Injiniya. Matsalar tana cikin rabon nan da ka yi gida 22. Kamfani yana biyanka ko da aiki ko babu, yanzu kuwa ranar da wani ya ɗauke ka ce kaɗai take kawo kuɗi. Don haka fara ƙirga kwanakin da za ka iya sayarwa a shekara.

Cire Asabar da Lahadi daga kwana 365, saura 261. Cire hutun gwamnati, wajen kwana 13 idan aka haɗa sallah biyu, Maulidi, Kirsimeti, Ista da sauransu. Cire kwana 20 na hutunka, da kamar 8 na rashin lafiya, biki da ta'aziyya. Saura 220. A cikinsu akwai ranakun da za ka ɓata wajen rubuta takardar neman aiki, zaman jiran mai gini da ya ce ka zo ƙarfe goma bai fito ba sai bayan azahar, bin bashi, zuwa banki da ofishin haraji. Babu mai biyanka ko sisi a kansu. Wanda yake aiki shi kaɗai, idan ya sayar da biyu bisa uku na kwanakinsa ya yi ƙoƙari. Mu ce kwana 140.

Sai abin da kake buƙata a shekara. Waɗannan alƙaluma misali ne, ka sa naka a gurbinsu. Albashi naira miliyan 9.6. Fansho, wanda dokar 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci aƙalla kashi 10 cikin 100, yanzu yana wuyanka: 960,000. Inshorar lafiya ta iyali, a ce 440,000. Miliyan 11 ke nan. Ɗawainiyar sana'a kuma, wato hayar ofis, man janareto ko batiran sola, data, lasisin manhaja irin su AutoCAD, gyaran mota, kuɗin sabunta lasisin COREN da na ƙungiyar injiniyoyin Najeriya, wato NSE, inshorar kuskuren aiki, da ɗan abin da za ka riƙa warewa saboda ranar da kwamfuta za ta mutu, a ce miliyan 4. An kai miliyan 15. Ɗora ribar kashi 15, domin ita ce za ta rufa maka asiri idan wani ya cinye maka kuɗi ko damina ta tsayar da gini: miliyan 17.25. Raba da 140, ka samu kusan naira 123,000 a yini.

Duba abin da kake yi yanzu. Naira 36,000 sau 140 miliyan 5 ne da ɗan ɗoriya. Cire miliyan 4 na ɗawainiya, abin da ya rage bai kai 90,000 a wata ba, alhali mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Kusan kyauta kake yi wa mutane aiki, shi ya sa suke tururuwa.

Wannan lissafi ya nuna maka inda ba za ka sauka ƙasa da shi ba. Iyakar sama kasuwa ce za ta faɗa. Ka tambayi abokan sana'a a taron reshen NSE, ka nemi bayanin farashi daga ACEN, ƙungiyar kamfanonin injiniyoyi masu ba da shawara. Kar ka tambaye su abin da suke yankawa, tambaye su abin da aka biya su a aikin ƙarshe. Idan kasuwarka ba ta ɗaukar 123,000, rage ɗawainiya, misali ku haɗa ofis da wani, ko ka ƙulla da ɗan kwangila ɗaya ya riƙa ɗaukarka kwana huɗu ko shida kowane wata. Irin wannan ne kaɗai ya cancanci ragin kashi 10, tunda ya ɗauke maka wahalar neman aiki.

TAMBAYA: Duk lokacin da na faɗi farashi sai a ce wane zai yi a rabin haka. Wasu ma cewa suke in buga hatimina kawai a kan zanen da wani ya yi, su ba ni na goro. In rage ne? Daga wata injiniya a Kano.

AMSA: Injiniya, idan za ki rage kuɗi, ki rage aiki tare da shi, kuma a rubuce. Mai gini ya ce kuɗinsa bai kai na zuwa duba gini sau goma ba? To a yi biyar, amma ke za ki zaɓi lokutan: bayan an haƙa tushe kafin a zuba kankare, bayan an ɗaura rodin ginshiƙai, da jajibirin zuba dekin, lokacin da za ki iya sa tef ki auna tazarar rodi, ki ga ko mai kauri milimita 12 aka sa a inda zane ya ce 16, ki duba ko an ɗaga rodin daga kan katako. Da zarar kankare ya rufe, zuwanki ba shi da sauran amfani. Ki kuma sa a ɗebi samfurin kankare a gwada ƙarfinsa a kwana 7 da kwana 28, kuɗin gwajin a kan mai gini.

Masu gina gidan kansu ba sa son jin kuɗin yini, gani suke za a ja musu aiki. Ki ƙiyasta kwanakin a ranki, ki ninka da kuɗin yininki, ki ƙara kashi 15 zuwa 20, ki ba su jimla ɗaya. Sai ki rubuta cewa gyaran zane sau biyu ne a ciki, na uku da kuɗinsa. A nan ne yawancin injiniyoyi suke tafka asara: maigida ya ƙara ɗaki, uwargida ta matsar da kicin, an sake lissafin ginshiƙai sau huɗu a kuɗi ɗaya.

Batun hatimi kuwa, a'a. Hatimi shaida ce cewa kin yi lissafin ko kin bi shi layi-layi, kuma kin ɗauki alhakinsa. Ranar da ginin ya rufta, sunanki da lambar rajistarki COREN za ta nema, ga kuma rayukan da ke ciki. Idan suna so, su biya kuɗin bincikar zanen, ki zauna ki sake lissafi, kwana biyu ko uku a cikakken farashi.

TAMBAYA: Na ba wani kamfani farashi, sai bayan wata shida suka kira ni. Da suka biya kuma na ga kuɗin bai cika ba, suka ce haraji ne. Yaya zan kauce wa wannan? Daga wani injiniyan lantarki a Sakkwato.

AMSA: Malam, abu biyu ne suka same ka. Na farko, farashi ba ya zama babu wa'adi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 aka kuma bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira, kaya suka yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 a Disambar 2024. Ka rubuta cewa farashinka na kwana 30 ne, aikin da zai wuce wata shida kuma za a sake duba kuɗinsa.

Na biyu, abin da suka cire harajin da ake yankewa ne kafin a biya mai aiki, kashi 5 a kan kuɗin ba da shawara ga mazaunin Najeriya. Bai ɓata ba, za a rage maka shi a harajinka na shekara, muddin ka karɓi takardar shaidar cewa sun miƙa shi da lambar harajinka. Ka bi ta tun da zafi-zafi. Harajin VAT na kashi 7.5 kuwa ɗora shi ake yi a kan farashi, saboda haka idan ya hau kanka, ka rubuta cewa ba ya cikin kuɗin yini.

Takardar yarjejeniya ta kuma fayyace cewa yini awa takwas ne, abin da ya wuce awa huɗu yini ne cikakke. Ranar tafiya, kamar daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi da dawowa, rabin kuɗi aƙalla. Mai, masauki da buga zane daban ake biyansu da rasit. Ka karɓi kafin alƙalami kashi 30 zuwa 40, saura cikin kwana 14 da miƙa takardar neman biya, kuma rahoton ƙarshe mai sa hannu ya zauna a wurinka har sai kuɗi sun shiga asusu.