Kafin ka yabi sabon koci, duba mai tsaron raga

Ƙanena, ka ce ƙungiyar ƙwallon gorar ƙanƙara da kake bi ta kori koci ana tsakiyar kaka, sabon ya ci wasa biyar a jere, kana tambaya ko an dace ke nan. Ni a Montreal na yi karatu, can wasan ya kama ni. Har yau nakan tashi ƙarfe ɗaya na dare in kalli Canadiens, ƙungiyar Montreal, a waya, abokan fadarmu ta unguwar Zaria na cewa ƙanƙara ta taɓa mini kai.

Wasa biyar bai isa shaida ba. Ai ba a korar koci sai ƙungiya ta kai gindin rijiya, wanda ke can kuwa duk inda ya motsa sama ya yi. Ga kuma 'yan benci da ke zuba ƙarfi don sabon maigida ya gan su. Wannan ɗoki ne, yakan huce.

Ni raga nake fara dubawa. Ƙungiyar birnin St. Louis ta sallami kocinta Mike Yeo a Nuwamba 2018 ta ba Craig Berube. Kowa na tuna sun ɗauki kofin Stanley, kofin zakarun gasar, a Yuni 2019, amma an manta cewa farkon Janairu, Berube na kan kujera fiye da wata guda, su ne na ƙarshe a duk NHL, babbar gasar wasan ta Amurka da Kanada. Me ya sauya? Ranar 7 ga Janairu aka fara wasa da wani yaro, Jordan Binnington, a raga, Philadelphia ta kasa zura masa ko ɗaya. Daga nan abin ya ɗaga. Ban ce Berube bai yi aiki ba, amma da yaron bai zo ba, da wani labarin muke yi.

Namu na Montreal akasin haka ne. A Fabrairu 2022 wani sabon koci mai suna Martin St. Louis ya gaji Dominique Ducharme, aka kuma gama kaka muna na ƙarshe. Mai kallon tebur zai ce an yi asarar canji. Amma Cole Caufield, wanda ƙwallo ɗaya tak ya ci a wasa 30, ya zura 22 a hannun sabon koci. Nan ne na ga hannun mai horarwa ƙarara, yaron da ke tsoron kuskure ya koma yana bugawa gaba gaɗi.

Don haka ka duba su wa aka doke a wasanni biyar ɗin, manya ne ko na ƙasan tebur, kuma ko akwai masu rauni da suka dawo. Ka lura da yawan bugun da ake yi wa ragarku: in har yanzu ana ruwan bugu gola na tarewa, gola ne ke rufa asiri. Sai yadda suke tsayuwa in an fitar musu da mutum na minti biyu saboda laifi, don wannan koyarwa ce zalla.

Bari ya kai wasa ashirin, sannan ka zo fada da lissafin, shayin a wuyana.